Juma'ar da Baba Sajan Bai Je Masallaci Ba

Ranar da Yagana ta dawo ƙofar baya ba jaka a hannunta, gwiwar hannunta na zubar da jini, ban manta da ita ba, kuma ba na jin zan manta. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun dame ni da tambayar yadda aka yi muke haɗa rahoton tsaro yadda muke haɗa shi, har wani cikinku ya ce wai tsirfa ce tawa. To ba tsirfa ba ce. Ku karanta nan, don na gaji da maimaitawa da baki.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula aka ɗauke ni aiki a kwalejin nan, ban daɗe da gama sakandare ba. Lokacin ba ta yi girman da kuke gani ba. Gida ne mai bene guda a iyakar Fagge da Sabon Gari, ana koyar da buga tafireta da aikin ofis da ɗan abin da ya samu na kwamfuta. Yawancin ɗaliban 'yan mata ne, wasu daga Fagge, wasu daga Sabon Gari, kuma kusan kowace sai da aka sha fama a gida kafin a bar ta ta zo.

Ga yadda tsarin yake. A sama akwai Darakta, shi ne mai makarantar. A ɓangaren tsaro babbanmu shi ne Baba Sajan, tsohon soja da ya yi ritaya da muƙamin saja, sunan ya bi shi har aka manta da na yanka. Ƙarƙashinsa akwai masu gadi maza, sai ni a can ƙarshe. Aikina biyu ne. Ina duba jakunkunan ɗalibai mata a ƙofa, tunda namiji ba zai sa hannu a jakar mace ba. Ina kuma rubuta rahoton yini, saboda idon Baba ya fara rauni. Sunana Rabi, amma bai taɓa kirana haka ba. Gaggawa yake ce mini, wai kafin ya gama tambaya na ba shi amsa har na ƙara da wadda bai nema ba.

Kullum da safe Baba zai ƙame gaban Darakta, ya sara masa, ya ce, "Komai daidai, ranka ya daɗe." Ko rufi na yoyo, ko famfo ya fashe, komai daidai. Ba ƙarya yake nufi ba. A barikin da ya fito, wanda ya kawo rahoton matsala shi ake ɗauka a matsayin matsalar. Abin da ya lalace ka gyara shi da hannunka, kada ka kai shi gaban babba.

Da aka koma farar hula kowa ya samu baki. Duk inda ka juya an kafa kwamiti. Iyayen ɗalibanmu ma suka kafa nasu, suka ce a ƙarshen kowane zango a tara su a karanta musu ƙididdigar tsaro: sata nawa aka yi, faɗa nawa, ɗaliba nawa aka tare. Darakta ya yarda, da ƙa'ida guda: abin da ya faru cikin katanga shi ake ƙirgawa. Wajen katanga na 'yan sanda ne. Zango ya zo ya wuce, aka karanta sifili. Na gaba ma sifili. Kuma gaskiya ne, cikin katanga ko biro ba ya ɓata, don Baba ba ya wasa. Darakta ya ji daɗi har ya sa aka ambata a tallar da yake bayarwa a rediyo.

Sai ku san yadda Juma'a take a nan. Ana tashi da wuri don maza su tafi masallaci. Kafin a fara huɗuba titin gabanmu ya cika, masallata sun shimfiɗa darduma har jikin babbar ƙofa. Mace ba za ta ratsa sahu ba, don haka Baba kan kulle babbar ƙofar, ya miƙa mini makullin ƙaramar ta baya, ya ɗauki dardumarsa ya tafi da duk masu gadin. 'Yan matan sai su bi lungun baya, wanda ke bi ta tsakanin tsofaffin sito ya ɓulla wajen Sabon Gari. Duk mako lungun nan cike yake da masu walda da masu faci da mai shayi. Ranar Juma'a a wannan lokaci kuwa, ko akuya ba ka gani.

A wurin Baba babu lokacin da ya fi wannan aminci a duk mako. Duk namijin da ya isa ya ɗauki abin wani, a lissafinsa, yana cikin sahu.

Ranar ina zaune a benci ina jin huɗuba ta lasifika, na riga na sallami kowa na rufe, sai na ji ana dukan ƙofa.

"Anti Rabi, buɗe! Buɗe mana!"

Muryar Ngozi ce, wata 'yar Sabon Gari mai bakin tsiya wadda kullum sai mun yi cacar baki da ita kan duba jaka. Ina buɗewa na gan ta riƙe da ƙawarta Yagana. Ita Yagana 'yar Alhaji Modu ce, mutanen Barno da suka daɗe a Fagge, yana sayar da atamfa a kasuwar Kwari. Yarinya ce marar hayaniya, in ta zauna gaban tafireta sai ka ce ruwa ake yi a kan kwano. Zangon ƙarshe take.

Mayafinta ya yage, gwiwar hannunta ta dama ta saluɓe. Mutum biyu ne a kan babur. Na baya ya fizgi jakar, ita kuma ta ƙi saki, suka ja ta a ƙasa sai da igiyar ta tsinke.

Na zaunar da ita, na ɗauko ruwa da auduga da aidin. Ina wankewa ina faɗa, don ni haka nake.

"Ke da ba ki da ƙarfin ɗaga bokiti, me ya kai ki kokawa da babur? Me ke cikin jakar, zinariya?"

"Littattafaina ne, Anti."

Ngozi ta ce, "Ni ma haka suka yi mini wancan zangon. Ni dai na sakar musu, Allah ya sa su ci su mutu. Ba mu kaɗai ba ne ma. Tambayi 'yan ajin sama."

Na tsaya da audugar a hannu. "Kuma duk ranar Juma'a?"

"To yaushe kuma lungun yake zama ba kowa?"

"Me ya hana ku faɗa?"

Ta harare ni. "Mu faɗa wa wa? A karanta a gaban iyaye? Babana ya ji, washegari ina shago ina auna shinkafa."

Na miƙe zan ɗauko littafin rahoto, Yagana ta kama mini zane da hannunta mai lafiya. Ba ta yi kuka ba lokacin da nake zuba aidin, sai a nan.

"Anti, don girman Allah kada ki rubuta. Babana ya ce ranar da ya ji wani abu ya same ni a hanyar makaranta, ranar na gama. Yana cikin kwamiti. Saura jarrabawa kawai, Anti."

Muna haka aka sallame salla. Baba Sajan ya shigo da farar rigarsa, dardumarsa a kafaɗa, yana ƙamshin turare yana jan carbi. Ya ga jini a ƙasa ya tsaya. Na gaya masa komai a tsaye, ban rage ba.

Ya ce, "Ana salla?"

"Ana salla, Baba."

"A'a. Gaggawa, ki dai sake tambaya. Wataƙila bayan an idar ne. Wane ɗan Musulmi ne zai ji huɗuba a kunnensa ya ɗauki kayan mutane?"

"Baba, kai kanka yanzu ka shigo. Ɓarawo ya san lokacin salla kamar yadda ka sani. Shi ya sa ma yake zuwa."

Ya dube ni kamar na mare shi. Ya nemi benci ya zauna. Can ya ce a hankali, "Wajen katanga ne dai."

"Wa ya kulle babbar ƙofa ya ce su bi ta nan?"

Ya daɗe yana kallon gwiwar hannun yarinyar. Sannan ya ce mata, "'Yata, daina kuka. Tashi ki je gida." Ya sa ɗaya daga masu gadi ya raka su har bakin titi. Ya juyo gare ni ya ce, "Rubuta. Ranar, da wurin, da abin da aka yi. Suna kuma ki bar wurinsa fili."

Ranar Litinin muka je ofishin Darakta tare. A karon farko tun zuwana Baba ya sara bai ce komai daidai ba. Darakta ya saurare mu har ƙarshe. Kada ku ɗauka mugu ne. Da kuɗinsa ya gina wurin nan, kuma ya san yadda yake bi shago shago yana roƙon iyaye su bar 'ya'yansu mata su zo.

Ya ce, "Sajan, taron iyaye Asabar mai zuwa ne. In na tashi na ce ana tare 'yan mata a bayan makaranta, zango mai zuwa benci za mu koya wa tafireta. Su 'yan matan da kake tausayi su ne za a zaunar a gida. A gyara lungun, na yarda. Amma ƙididdiga ta cikin katanga ce, haka muka yi da kwamiti."

Na buɗe baki, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya sara, muka fito. A tsakar gida na ce masa, "Shi ke nan? Sifili kuma?" Ya ce, "Gaggawa, je ki ƙofa, ana jira."

Juma'a ta zagayo. Aka tashi, masu gadi suka ɗauki dardumarsu suka tafi. Baba ya kulle babbar ƙofa, ya zo ƙofar baya da farar rigarsa da hularsa ta zuwa masallaci. Na miƙa hannu ya ba ni makulli, sai na ga sanda ce a hannunsa maimakon darduma.

"Baba, za a tayar fa."

"Na ji."

Ya fita ya tsaya a tsakiyar lungun, inda yake lanƙwasa wajen sito, inda ake ganinsa ta kowane ɓangare. 'Yan mata suka riƙa wucewa suna gaishe shi, yana amsawa da ka. Ngozi ta zo wucewa ta ce, "Baba, yau kai ne limamin lungu?" Ya ce, "Wuce, 'yar nema, kafin in duba jakarki da kaina." Yagana ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce ya hannu, ta ce da sauƙi.

Da suka ƙare na je na same shi. Daidai nan liman ya yi kabbara, lasifika ta kawo ta har cikin lungun, aka ji gari ya yi tsit. Baba ya tsaya ƙyam yana kallon bangon sito, leɓensa na motsi. Na ga hawaye ya gangaro masa ya shige cikin gemu.

Bayan an sallame ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tun da na ajiye kaki ban rasa Juma'a ba. Na tambayi liman jiya, ya ce mai tsaron mutane yana da uzuri. Na sani. Zuciyar ce ba ta sani ba." Ya koma ciki ya yi alwala, ya yi azahar shi kaɗai a gindin ƙofa.

Ashe Mista Obinna, malamin tafireta, yana kallo daga bene. Ya sauko ya jira Baba ya shafa addu'a.

"Baba, Juma'a mai zuwa ka tafi sallarka. Ni ba ni da inda zan je sai Lahadi."

Baba ya dube shi sama da ƙasa, siriri ne mai tabarau. "Kai? Ko kaza ba za ta ji tsoronka ba."

"Ina da ƙanne masu sayar da kayan mota. In ka ga ƙirjinsu kai ma sai ka sara musu."

Baba ya yi dariya har da tari. Haka aka fara, kuma ba wanda ya rubuta shi a takarda.

Ranar Asabar aka yi taro a babban aji. Iyaye maza a gaba, mata a baya, ni ina bakin ƙofa ina miƙa ruwa. Alhaji Modu yana layin farko, dogon mutum mai tsagen Barebari, ba ya yawan magana. Darakta ya karanta sakamakon jarrabawa, ya yi bayanin sababbin injuna, sannan ya zo kan tsaro. Ya ce cikin katangar makaranta, wannan zangon ma, ba a samu komai ba. Aka tafa. Kamar yadda aka saba, ya juya ya ce, "Sajan, ka tabbatar musu."

Baba ya miƙe ya ƙame.

"Cikin katanga haka ne, ranka ya daɗe. Amma akwai lungun baya. Ni nake kulle babbar ƙofa ranar Juma'a in tura yaran ta can, in tafi masallaci. An tare su a can an ƙwace musu jaka. Ba sau ɗaya ba. An ji wa ɗaya ciwo. Ban sani ba sai makon jiya, don ban taɓa tsammani ba. Yanzu akwai mai tsayuwa a wurin."

Ajin ya kaure. Wani ya ce a rufe makarantar, wata daga baya ta ce dama ta faɗa. Darakta ya sunkuyar da kai yana juya biro. Sai Alhaji Modu ya ɗaga hannu, aka yi shiru, don ba a saba jin muryarsa ba.

"Sajan, 'yar wa aka ji wa ciwo?"

Na ajiye kofin da ke hannuna.

Baba ya ce, "'Yata ce, Alhaji."

"Ba ka da 'ya a makarantar nan."

"Duk wadda ubanta ya kawo ta ƙofata ya juya ya tafi kasuwa, tawa ce har ta koma. Kun ce a gaya muku abin da ya faru, na gaya muku. In suna kuke so, ku rubuta nawa, ni na kulle ƙofar."

Alhaji Modu ya dube shi. Sannan ya ce, "To," ya zauna.

Da aka watse ina tattara kofuna, sai na ga inuwa a kaina. Alhaji Modu ne.

"Ke ce Rabi?"

Na durƙusa. "Ni ce, Alhaji."

"Ke kika sa mata magani?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Tashi. Yarinyar da uwarta ke ɗaura mata ɗankwali kwana da kwanaki, ba ta iya ɗaga buta da dama, kina tsammani ban gani ba? Ban tambaye ta ba, don kada in sa ta yi mini ƙarya. Na zo yau in ji abin da makaranta za ta ce. Da sifilin nan aka tsaya a kai, wallahi Litinin ba za ta zo ba. Ɓarawo yana ko'ina, har Kwari. Amma ba zan bar 'yata a hannun wanda zai dubi idona ya ce ba komai ba."

Ya taka zai tafi, ya juyo. "Kada ki gaya mata na sani. Bar ta ta yi jarrabawarta."

Ban gaya mata ba sai ranar da ta karɓi takardar shaidarta. Ta zauna a bencin ƙofar baya ta yi ta kuka tana dariya, Ngozi na zaginta wai ta ɓata kwalliya.

Kada ku ɗauka komai ya tafi sumul. Akwai iyayen da suka cire 'ya'yansu bayan taron nan, kuma cikinsu akwai yarinyar da har yau in na tuna ta raina yake ɓaci, don tana da kai. Darakta ya yi makonni ba ya amsa gaisuwar Baba sai da hannu. Aka cire maganar sifili daga tallar rediyo. 'Yan babur ɗin ba a kama su ba, sun dai daina zuwa. Amma daga zangon da ya biyo baya Darakta da kansa ya ce a riƙa ƙirgawa har da hanyar da ɗaliba ke bi daga ƙofarmu zuwa bakin titi. Adadin ya daina zama sifili. 'Yan mata suka fara zuwa wurina da abubuwan da ban taɓa ji ba, wasu ƙanana, wasu ba ƙanana ba, saboda sun ga an faɗi abu a gaban iyaye kuma ba a kira sunan kowa ba.

Baba Sajan ya rasu bara. A wurin gaisuwa na ga Mista Obinna da ƙannensa zaune a tabarma cikin 'yan Fagge, sun yi jugum kamar ubansu ne.

Abin da na koya a aikin nan ba shi da yawa. In kun ga zango ya ƙare ba wanda ya kawo muku ƙara, kada ku yi murna tukuna. Ku tashi ku bincika ko tsoronku ake ji, ko tsoron abin da zai biyo baya a gida. Ku duba lokacin da kuka fi sakankancewa, don wani ma ya lura da shi. Ranar taro kuma ku ba iyaye adadinsu cif, ko da ran Darakta zai ɓaci. Sunan kuwa na yarinyar ne. Ba naku ba ne balle ku bayar.